Reshen da Aka Bari a Rabi

Shekara ashirin da biyu ke nan Malam Aƙilu yana kula da shuke-shuken gidan marigayi Alƙali Mustafa a Nassarawa GRA. Mutumin Roni ne, amma ya daɗe da tarewa da iyalinsa a Tudun Murtala. Kullum gari na wayewa zai hau kekensa ya taho, ya jingine shi a bayan ɗakin maigadi, ya naɗe ƙafar wando, ya jawo tiyo. Babu bishiyar da ke gidan da bai san halinta ba. Ya san mangwaron da ke yin 'ya'ya bana ya huta baɗi. Ya san darbejiyoyi huɗun da ke jere a jikin katangar gabas, waɗanda ke tare wa gidan iska in hadari ya taso. Babba a cikinsu duka kuwa shi ne maɗacin bayan gida, wanda ya girmi ginin kansa, mutum biyu ba sa iya zagaye gindinsa da hannu. Wani ƙaton reshensa ya miƙe yamma, ya bi ta saman ɗakin Hajiya Muhibba, matar marigayin, ya yi wa ɗakin rumfa.

Hajiya ta kai shekara saba'in da huɗu. Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinta na hagu ya shanye, tun daga nan duniyarta ta koma gadon nan da tagar da ke kallon maɗacin. Da safe wata nas ke zuwa, ita da Hasiya mai aikin gidan su haɗu su ɗaga ta, su gyara ta, su ɗora ta a keken marasa lafiya ta ɗan zauna a falo. Kafin azahar su mayar da ita gado, nas ɗin ta tafi. Shi kuwa Malam Aƙilu bai taɓa wuce ƙofar kicin ba. In Hajiya na da magana da shi, ta taga ake yi, yana durƙushe a waje, labule na tsakaninsu.

Duk shekara in zafi ya kai maƙura, shamuwa na sauka a maɗacin nan, mutanen gidan su ce ruwa ya kusa. Bana ma sun zo, sheƙa uku suka yi, ɗaya a kan wannan reshe na saman ɗakin. Hajiya kan sa Hasiya ta ɗage mata labule don ta ga uwar kwance kan ƙwai.

Ana haka, ranar wata Laraba a ƙarshen watan Mayu, ɗanta Injiniya Badaruddeen ya zo daga Abuja. Shi ya sa aka kafa wa gidan sola bara, don kada na'urar sanyaya ɗakin mahaifiyarsa ta riƙa mutuwa in an ɗauke wuta. Hasiya ta gaya masa yanzu batir ba ya kaiwa ko'ina. Ya sa aka kafa tsani ya hau rufin da kansa, ya tarar rassa sun rufe rabin allunan sola, sauran kuma kashin tsuntsaye ya yi musu fari fat. Ya sauko yana karkaɗe hannu, ya kira Malam Aƙilu.

"Baba Aƙilu, gobe masu inji za su zo. Duk bishiyoyin nan za a rage su. Darbejiyoyin a datse su daidai katanga, maɗacin kuma a cire duk abin da ya hau kan rufi."

Malam Aƙilu ya gyara zaman hularsa. "Ranka ya daɗe, da an bari sai bayan kaka. Yanzu ba lokacinsa ba ne. Tsuntsaye duk suna kan ƙwai, ga damina ta matso. Bishiyar da aka yi wa babban rauni yanzu, ruwa zai shiga ya ruɓar da ita. Su kuma darbejiyoyin nan, su ke kare gidan. Duk hadarin garin nan daga gabas yake tasowa."

"Wato in bar Hajiya cikin zafi wata biyar saboda tsuntsu?"

"Ba haka nake nufi ba. A ba ni kwana uku da addata, zan rage ƙananan da suka rufe allunan, in wanke su tas. Manyan a bar su tukuna."

Badaruddeen ya dubi agogonsa. Ba mugun mutum ba ne. Malam Aƙilu ya san shi tun yana ɗan sakandare yana tsinkar ɗanyen mangwaro yana ɓoyewa a aljihu. Amma mutum ne da ya saba in ya yi magana a wurin aiki a ce to. Ga kuma maigadi Shu'aibu da direba tsaye suna ji.

"Ba ni da kwana uku, Asabar zan koma. Kuma Baba, don Allah ka tsaya kan ban ruwanka da shararka. Wannan aikin na masu shi ne."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "To, ranka ya daɗe," ya juya ya ɗauki tsintsiyarsa.

Ranar Alhamis masu saran suka iso daga Kawaji, su uku, da inji ɗaya da igiya ɗaya. Kafin azahar darbejiyoyi huɗun nan sun koma kamar turakun ɗaure shanu. Suka far wa mangwaron suka aske masa kai. Malam Aƙilu yana bayansu yana jan rassa zuwa bakin ƙofa, kuma duk reshen da ya juya sai ya ga abin da ba ya son gani. Ga sheƙar kurciya a kife, ƙwai biyu a fashe. Ga wasu 'yan tsaki tsirara, idonsu bai buɗe ba, tururuwa har ta same su. Iyayen suka yi ta kewaya inda bishiyar take da, suna sauka kan wayar katanga suna tashi. Kafin la'asar hankaki sun ji labari. Suka jeru a kan katanga su bakwai, suna sauka ɗaya bayan ɗaya suna ɗauka. Rana kuwa ta shigo tsakar gidan har inda ba ta taɓa takawa ba, furannin da ya raina a inuwa shekara da shekaru suka yi yaushi kafin magariba. Washegari da safe tsuntsuwar suda da ke cika gidan da surutu daga kan mangwaro ba a ji ta ba.

Bayan sallar Juma'a aka hau maɗacin. Badaruddeen da Hasiya suka ɗauke Hajiya zuwa falo saboda ƙara. Masu saran suka fara kwashe rassan gabas, shamuwa suka tashi gaba ɗaya suna shawagi can sama. Daga nan mai injin ya hau kan ƙaton reshen nan, ya zauna kusa da inda ya fito daga jikin bishiyar, ya fara yanka daga sama. Abokansa biyu suka ɗaura igiyarsu a tsakiyar reshen, wai in ya kusa rabuwa su ja shi gefe ya faɗa fili.

Malam Aƙilu ya tsaya da tsintsiya a hannu. Reshe irin wannan daga ƙarshensa ake farawa, gunduwa-gunduwa, kowace a ɗaure ta a sauke a hankali. Mutum biyu da igiya ɗaya ba za su karkatar da shi ko taku guda ba. Ya buɗe baki zai yi magana, ya hangi Badaruddeen tsaye a baranda, ya tuna ban ruwa da shara. Ya rufe bakinsa.

Injin ya yi wata irin ƙara, ya tsaya cak. Sarƙarsa ce ta tsinke. Mai injin ya sauko yana tsaki, ya ce wa Badaruddeen gobe da sassafe za su dawo da sabuwa.

"Reshen fa? Babu matsala?"

"Haba yallaɓai, ko kashi ɗaya cikin uku ban ci ba. Wannan ko shekara zai yi a haka."

Suka kwance igiyarsu suka tafi da ita. Aka mayar da Hajiya ɗakinta.

Da gidan ya yi shiru, Malam Aƙilu ya jingina tsani a jikin maɗacin ya hau. Yankan ya wuce rabi. Ya zura bakin addarsa a tsagar, ta shiga da ƙyar. Ya sauko da niyyar gaya wa Injiniya, ya tarar baƙi sun zo gaishe shi, baranda cike da takalma da dariya. Ya tsaya daga nesa har aka kira magariba, sannan ya hau kekensa ya tafi gida. Da safe ya sake gwadawa. Badaruddeen yana waya, ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata. Ya dakata na ɗan lokaci, sai wani abu a ransa ya ce masa ai an riga an gaya maka aikin na masu shi ne. Ya koma wajen tiyonsa.

Masu saran ba su zo da sassafe ba, ba su zo da hantsi ba. Nas ta gama aikinta ta tafi. Da azahar direba ya ɗauki Badaruddeen zuwa filin jirgi, shi kuma Injiniyan ya bar wa Shu'aibu lambar mai injin, ya ce in sun zo a tabbata sun gama yau. Shu'aibu ya kira sau biyar, wayar a kashe.

"Hau kekena ka je Kawaji," in ji Malam Aƙilu. "In ba za su zo ba, ka karɓo mini ko igiyar ce."

Shu'aibu ya tafi. Garin ya yi wani irin nauyi, ko ganye ba ya motsi, zufa na zuba ko mutum bai yi komai ba. Malam Aƙilu yana kwashe sauran ganyen darbejiya a kwando, sai ya ɗaga kai ya ga shamuwa biyu tsaye a kan tankin ruwa. Ya dubi maɗacin. Sheƙa biyun da ke can ƙololuwa, iyayensu na kwance. Ta kan reshen ce babu kowa. Da sassafe ya ga uwar ta dawo ta kwanta. Yau babu ƙarar inji, babu wanda ya hau bishiyar, kuma shamuwa ba ta barin ƙwai a buɗe cikin irin wannan rana. Ya zuba mata ido. Ta tashi daga kan tankin, ta nufi sheƙar, ta miƙa ƙafafu za ta sauka, sai ta fasa, ta kewaya ta koma inda ta taso.

Ya yar da kwandon ya hau tsanin.

Tsagar da jiya bakin adda ya shiga da ƙyar, yau yatsunsa uku suka shige. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ɓawon, ya ji wani ɗan ƙas, ƙas, daga can ciki, kamar ana karya tsinke ɗaya bayan ɗaya. Ya juya ya dubi gabas. Da can darbejiyoyi ke rufe wajen, yanzu kuwa sarari ne har ƙarshen gani, kuma can ta wajen Dakata hadari ya haɗo baƙi ƙirin, gindinsa ja.

Bai san yadda ya sauko ba. Ya zaga ya durƙusa a gindin tagar, reshen na bisa kansa.

"Salamu alaikum. Hasiya! Hasiya, kina kusa?"

Hasiya ta ɗage gefen labule. Mace ce da ta haura hamsin, 'yar siririya. "Lafiya, Malam?"

"Ba lafiya ba. A fitar da Hajiya daga ɗakin nan yanzu. Reshen nan zai faɗo."

Muryar Hajiya ta fito daga ciki, a hankali, kalma na jan kalma kamar yadda take magana tun da ciwon ya same ta. "Aƙilu ne? Me ya faru?"

"Ranki ya daɗe, yankan da suka yi jiya ya buɗe. Ga hadari ya taso. In iskar nan ta iso, kan ɗakinki zai sauka."

"Badaru ya ce mini sun ce babu komai."

"Sun faɗa, amma ba haka ba ne. Na hau na gani da idona."

"Yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Jiya na fara gani."

Hasiya ta dube shi, ta kau da kai.

"Kira mini Badaru," in ji Hajiya.

Hasiya ta kira, wayar a kashe, yana cikin jirgi. Ta kira nas, ta ce tana can Gawuna wajen wata marar lafiya, ko ta taso yanzu sai ta yi rabin awa. Malam Aƙilu ya kira Shu'aibu, ya ce yana Kawaji, shagon a rufe, kuma nan iska har ta fara ɗaga kwanon rumfuna. Malam Aƙilu ya ruga ya buga ƙofar maƙwabta, maigadinsu ya leƙo ya ce shi kaɗai ne a gidan, kuma an hana shi barin ƙofa ko da me. Bai tsaya roƙo ba, ya dawo da gudu.

"Ni kaɗai ba zan iya ɗaga ta ba, Malam," in ji Hasiya. "Ka sani. Ko mu biyu da nas da ƙyar muke yi."

"To ni zan shigo."

"Ba za ka shigo ba," in ji Hajiya. Wannan karon maganar ta fito sarai. "Tun da Alƙali ya rasu, ban da ɗana da likita babu namijin da ya taka ɗakin nan. Ina kwance haka? A jira nas. Abin da Allah Ya rubuta shi zai faru."

Iska ta farko ta iso, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Busassun ganyen da ya tara suka tashi suka watse. Shamuwa biyun suka bar tankin. Sama da kansa reshen ya yi wani dogon kuka kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa, garin katako ya zubo masa a wuya.

"Hajiya, kin ji?"

Ya ƙara matsawa jikin tagar.

"Ranki ya daɗe, shekara ashirin da biyu ban taɓa yi miki musu ba. Jiya na ga abin nan na yi shiru saboda an ɓata mini rai. In wani abu ya same ki, ni na yi, ba masu inji ba. Ba zan iya tsayawa gaban Allah da wannan ba. Hasiya ta rufe ki da mayafi. Ba zan taɓa ki ba, zanen gadon zan kama. In mun fita ki kore ni, na yarda. Amma zan shigo."

Ya miƙe bai jira amsa ba. Ya zaga ta kicin, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa don sabo, ya shiga. Bai san cikin gidan ba. Ya bi wani dogon lungu, ya buɗe ƙofa ya ga ɗakin ajiya ne, ya buɗe wata ya ga banɗaki. Fitilun suka ɗauke, lungun ya yi duhu.

"Hasiya! Ta ina?"

"Nan, Malam! Ƙarshe, hannun dama!"

Ya yi sallama ya shiga, idonsa a ƙasa. Hasiya ta riga ta lulluɓe Hajiya da babban mayafi har goshi, ta jawo keken kusa da gado. Hajiya ba ta ce masa shigo ba, ba ta ce fita ba. Leɓɓanta kawai ke motsi. A kan kwanon rufin ƙananan rassa na ta bugawa, labulen tagar ya miƙe ciki kamar tuta.

"Ki kama ta ƙafa, ni zan kama ta kai. In na ce uku."

Ya naɗe gefen zanen gadon a hannuwansa biyu. Suka ɗaga. Nauyin ya fi yadda ya zata nesa ba kusa ba, Hasiya ta kasa, ƙafafun suka koma kan katifa. Keken kuma ya gangara baya, ba a danne birkinsa ba. Hajiya ta yi ɗan nishi.

"Sannu, ranki ya daɗe. Hasiya, danne birkin. Sake kamawa, ki naɗe shi a hannu sosai."

Sama da silin wani abu ya fashe, ƙara ɗaya mai kauri, ƙura ta zubo daga kusurwa. Hasiya ta saki salati.

"Kar ki duba sama. Ɗaya, biyu, uku!"

Ya sa duk ƙarfinsa, ya ji wani abu ya tsinke masa a ƙugu kamar an soka masa wuƙa, amma bai saki ba. Hajiya ta sauka a keken a karkace, hannunta na hagu na lilo. Hasiya ta ɗora mata shi a cinya, ta saki birkin. Ya tura. A bakin ƙofa ƙaramar tayar gaba ta cije a gefen kafet, keken ya tsaya. Ya ja baya ya sake turawa, ta sake cijewa.

"Ɗaga gaban! Ɗaga!"

Hasiya ta tsallaka ta durƙusa ta ɗaga matakin ƙafar da hannu biyu. Keken ya haye. Suka bi lungun cikin duhu, Hasiya na gaba tana lalube, shi yana turawa a sunkuye don ya kasa miƙewa. Ba su kai falo ba.

Ƙarar ba ta yi kama da komai da ya taɓa ji ba. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa, iska mai ƙura ta biyo lungun ta buge su ta baya, gilasai na ta tarwatsewa. Ya kifa a kan keken ya rufe Hajiya da jikinsa bai ma san ya yi ba. Da ya waiwaya, ta ƙofar ɗakin da suka baro ana ganin sama. Ganyen maɗaci ya cika ɗakin, wani reshe mai kaurin cinya ya huda silin ya tsaya a tsakiyar katifar. Sai ruwa ya kece.

Suka kai ta falo. Hasiya ta zube a ƙasa tana kuka tana hamdala a haɗe. Malam Aƙilu ya ja jiki zai fita, ƙugun ya hana shi, ya dafa bango ya zame ya zauna a bakin ƙofa. Ruwa na ta dukan tagogi.

Can Hajiya ta ce, "Hasiya, ba shi ruwa ya sha."

Washegari Badaruddeen ya dawo a jirgin safe. Ya daɗe tsaye a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa yana kallon katifar. Da ya fito ya sami Malam Aƙilu zaune kan benci a ɗakin maigadi, inda ya kwana don ya kasa hawa keke. Ya tsuguna a gabansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, Hajiya ta gaya mini komai. Har da cewa tun Juma'a ka gani."

"Haka ne."

"Me ya sa ba ka tsayar da ni ba? Ko wayar ce da ka fizge."

"Da na yi hakan ya fi. Laifina ne."

Badaruddeen ya girgiza kai. Ya miƙe ya ce wa direba ya fito da mota a kai Baba asibiti. A ranar ya so a kawo wasu masu injin su tumɓuke maɗacin gaba ɗaya. Hajiya ta aiko Hasiya ta ce akwai sheƙa biyu a sama, ba za a taɓa shi ba sai masu su sun tashi.

Sati shida Malam Aƙilu ya yi a kwance a Tudun Murtala. Da ya dawo, yana dogara sanda, damina ta zauna sosai. An gyara rufin, amma Hajiya ta ce ba za ta koma ɗakin ba, aka mayar mata da gadonta ƙaramin falo. Kututturan darbejiya sun fitar da tofo cunkus, sirara masu tsawo, irin waɗanda iska kaɗan ke karyawa, ya san aikin shekara uku ne kafin ya mayar da su bishiya. Mangwaron ya yi sabon ganye ja, amma kowa ya san baɗi babu 'ya'ya. Kurciyoyi sun koma tsamiyar maƙwabta, daga can ake jin su. Shamuwa biyun da suka rasa ƙwansu ba su sake sheƙa ba, sun ƙare daminar suna yawo a filin gidan suna tsintar fara. Sauran sheƙa biyun suka fitar da 'ya'ya biyar, suka koyi tashi daga maɗacin zuwa tanki, daga tanki zuwa katanga. Da ruwa ya ɗauke, wata safiya aka wayi gari babu ko ɗaya.

Malam Aƙilu da kansa ya je ya gaya wa Hajiya a sare maɗacin. Tun watan Agusta ya lura raunin na zubar da wani baƙin ruwa mai wari, in ya buga gindin da bayan adda sai ya ji amo kamar ganga. Wannan karon shi ya nemo masu aikin, ya zauna kan kujera da sandarsa yana nuna musu inda za su sa igiya. Kwana uku suka yi suna saukewa gunduwa-gunduwa. Da aka kai gindin, sai ga rami a tsakiya wanda mutum zai iya tsayawa a ciki, gara ta cinye shi tun ba bana ba. Ya daɗe yana kallon ramin. Kullum yana wucewa ta gindin bishiyar nan, yana jingina da ita yana cin abinci, bai taɓa sani ba.

Da yamma Hasiya ta turo Hajiya baranda ta baya don ta ga wurin. Fili ne fetal, rana ta kwanta a kai.

"Aƙilu, me za ka sa a nan?"

Ya matso yana ɗingishi, ya rusuna iyakar yadda ƙugun ya bari. "Ranki ya daɗe, na yi tunanin wani maɗacin. Ko tsamiya, a ɗan nesa da gini."

"Shekara nawa kafin ta yi inuwa?"

"Kamar goma sha biyar. Ashirin."

Gefen bakinta mai lafiya ya ɗan motsa. "Ni da kai wa zai zauna a ƙarƙashinta? Sa tsamiyarka can baya don masu zuwa. Nan kusa kuma ka shuka mini abin da zan ci."

Ya yi ɗan tunani. "Gwanda. In Allah Ya kai mu, kafin shekara ta zagayo kin sha."

"To gwanda. Mai jan ciki, ba na son farar."

Ya ce akwai irinta a wajen wani mutumin garinsu da ke lambu a bakin rafi, gobe in Shu'aibu ya samu sarari za su je tare su karɓo.